Tseren rata: Gasar gudun da ɗan shekara 70 ke iya shan gaban matashi

Sau ɗaya a kowane wata, 'yan ƙungiyar gudu ta Serpentine kan taru a lambun Hyde Park da ke tsakiyar birnin Landan domin wani tsere da baƙo zai ɗauka an rikita tsarinsa. Ba a sakin mutane gaba ɗaya. Wanda ya fi kowa nawa shi ake fara saki, a ɗan jira a saki na biye da shi, a haka a haka har a kai kan gwanin ƙungiyar, wanda kan tsaya yana karkaɗa ƙafa cikin sanyi bayan na farko ya daɗe da ɓacewa. Duk wanda ya riga isa layin ƙarshe shi ne ya ci.

Turawa na kiran wannan tsari handikaf. Da Hausa za a iya ce masa tseren rata, domin kowa ana ba shi rata ne daidai da ƙarfinsa. Ƙananan ƙungiyoyin gudu a Ingila da Scotland da Ostareliya da New Zealand sun daɗe suna yin sa, wasu duk wata, wasu sau ɗaya a shekara gab da Kirsimeti, inda kowa kan zo da 'yar kyauta a naɗe a ajiye kan teburi, wanda ya zo na ɗaya ya fara zaɓa.

Ba a haska irin wannan tsere a talabijin, ba ya kafa tarihin duniya, galibi ma kofinsa tsohon ƙarfe ne da sunaye suka cika jikinsa. Amma a cikin duk dabarun da aka ƙirƙiro domin mutum ya ci gaba da motsa jiki har tsufa, da wuya a samu wadda ta kai shi araha da hikima. Ya cancanci ƙungiyoyin da ke da shi su riƙe shi da kyau, waɗanda ba su da shi kuma su duba shi da idon basira.

Yadda ake lissafin

A ɗauki tseren kilomita 5. Akwai dattijuwar da kan gama shi cikin minti 35, akwai kuma saurayin da minti 18 ke isar sa. Idan aka sake su tare, kafin ta ci rabin hanya da kaɗan ya riga ya gama ya sha ruwa. A tseren rata, ita ce za ta tashi da zarar an kunna agogo, shi kuma ya jira minti 17 cur. Idan kowa ya yi gudun da ya saba, za su iso layi kusan lokaci guda. Wanda ya ɗara abin da ya saba yi a ranar, ko da da daƙiƙa 20 ne, shi zai yi nasara.

Wato dai kowa da tarihin kansa yake takara, sai dai ana yin takarar ce a fili, da abokan hamayya na zahiri a gaba da baya. Dattijuwar tana jin takun masu bin ta yana matsowa. Saurayin yana hangen bayan mutum talatin ko arba'in da dole ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. A mita 200 na ƙarshe kowa kan cakuɗe da kowa, kuma a nan ne masu riƙe da agogo da takarda ke shan wahala.

Akwai wani salon kuma da ake sakin kowa tare, a ɓoye ratar a cikin ambulan, sai an gama a buɗe a yi lissafi. Ya fi sauƙin shiryawa, amma ba shi da armashin na farko, domin ba a ganin farautar da ido.

Mutumin da duk abin ya rataya a wuyansa shi ne mai yanka rata. Ɗan ƙungiya ne da ke aikin sa-kai, yana riƙe da sakamakon kowa na watanni da shekaru. Idan mutum ya ci wannan watan, wata mai zuwa za a rage masa rata. Idan ya dawo daga jinya ko haihuwa, a ɗan sassauta masa. Babu wanda ke gode masa. Kowa gani yake an matse shi, an kuma yi wa maƙwabcinsa rangwame.

Abin da shekaru ke rubutawa

Amfanin wannan tsere ba ya bayyana a rana ɗaya. Sai mutum ya shekara goma ko ashirin yana zuwa.

Sabon shiga kan fara ne a sahun gaba, cikin waɗanda ake saki da wuri. Da yake jikin da bai saba ba yana saurin karɓar horo, a watannin farko lokacinsa kan yi ta raguwa, kuma sau da yawa a wannan zangon ne yake ɗaukar kofinsa na farko. Daga nan mai yanka rata ya fara tura shi baya. Bana yana jiran minti huɗu kafin a sake shi, baɗi minti bakwai. Wannan jiran da ke ƙaruwa shi ne lambar girmansa, kowa a ƙungiyar ya san ma'anarsa.

Sai a kai shekarun da abin ke tsayawa cak. Mutum ya kai iyakar abin da jikinsa da aikinsa da iyalinsa za su bari ya yi. A wannan lokacin cin tseren rata na da matuƙar wuya, domin babu sauran wani abin mamaki da zai nuna wa mai lissafi. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke tara maki na shekara guda, yadda mai zuwa kullum yana ƙarewa na takwas ko na goma zai iya shan gaban wanda ya ci sau ɗaya ya ɓace.

Daga baya kuma tafiyar ta juya. Saurin ɗan'adam a gudu mai nisa kan fara raguwa sannu a hankali daga wajen shekara 35 zuwa 40, raguwar kuma ta ƙara tsanani bayan an haura 60. A tseren da ake sakin kowa tare, wannan na nufin mutum ya riƙa ganin sunansa yana gangarowa ƙasan takarda kowace shekara, ba tare da fatan komawa sama ba. Da yawa a nan suke rataye takalmi. A tseren rata kuwa, abin da ke faruwa shi ne ana dawo da shi sahun gaba da kaɗan-kaɗan, har wata rana ya samu kansa a gurbin da ya fara shekara talatin baya, kusa da wani sabon shiga da bai kai ɗansa ba. Damarsa ta cin kofi tana nan yadda take. Ranar da gwiwa ta yi masa sauƙi kuma iska ta kwanta, zai iya riƙe ratarsa har layi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka dubi alƙaluma. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Wani bincike da ta fitar a 2024 ya nuna cewa kusan kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ma'auni ba a 2022, kuma matsalar ta fi yawa a tsakanin mata da waɗanda suka haura shekara 60. Kowa ya san motsa jiki na rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya. Ba sani ne ya yi ƙaranci ba. Abin da ke wuya shi ne dalilin da zai fito da mutum daga bargo a safiyar Asabar ta shekara ta goma sha biyar, lokacin da sha'awar farko ta daɗe da gushewa. Sanin cewa akwai gurbi da sunansa, da lokacin tashinsa, da wani abokin hamayya da ya sha gabansa da taku biyu a watan jiya, dalili ne mai ƙarfi fiye da nasihar likita.

Babu inda wannan ya fito fili kamar tseren Dipsea a jihar California ta Amurka, wanda aka fara a 1905. Tsere ne na kimanin kilomita 12 daga garin Mill Valley zuwa gaɓar teku a Stinson Beach, ta kan tsaunuka da matakalai sama da 600. A can ana yanka rata ne bisa shekaru da jinsi: ƙananan yara da tsofaffi ke fara tashi, ratarsu kan kai minti 25, samari majiya ƙarfi su tashi a ƙarshe. A 2010 wata yarinya 'yar shekara 8 ce ta lashe shi, wata mata 'yar shekara 68 na biye da ita. A 2012 ɗan shekara 72 ne ya zo na ɗaya. Wani mutum mai suna Jack Kirk ya yi wannan tsere sau 67 a jere, daga 1930 har 2002, lokacin da ya haura shekara 90. Ya lashe shi sau biyu, da tazarar shekara 16 a tsakani.

Inda kuɗi ya shiga

Asalin abin dai ba daga neman lafiya ya fito ba. Kalmar kanta ta samo tushe ne daga wani tsohon wasan musayar kaya a Ingila, inda mutum biyu da alƙalinsu ke sa hannu cikin hula. Daga nan ta shiga sukuwar dawaki, inda ake ɗora wa doki mai ƙarfi ƙarin nauyi domin a daidaita shi da saura. Dalilin a bayyane yake: idan an san wanda zai ci, babu mai yin caca. A ƙarni na 19 gudun ƙafa na kuɗi ya bunƙasa a Birtaniya a kan wannan tsari, kuma tseren sabuwar shekara na Powderhall da aka fara a birnin Edinburgh a 1870 daga wannan zamanin ya fito.

Ƙungiyoyin masu gudu don sha'awa ma da shi suka fara. Thames Hare and Hounds, wadda aka kafa a 1868 kuma ake ɗauka a matsayin mafi daɗewa cikin ƙungiyoyin gudun daji, ta samo asali ne daga wani tseren rata da matuƙa kwale-kwale suka shirya a filin Wimbledon Common domin kada jikinsu ya mutu a lokacin hunturu.

Mafi shahara a yau shi ne Stawell Gift, a wani ƙaramin garin haƙar zinare a jihar Victoria ta Ostareliya. Tun 1878 ake yin sa a lokacin hutun Ista, mita 120 a kan ciyawa. A nan da mita ake ba da rata maimakon minti, har zuwa mita 10. Wanda ya ci yana tafiya da dalar Ostareliya 40,000, kuma tun 2015 kyautar mata daidai take da ta maza. Zuwa 2025, maza biyu ne kacal suka taɓa cin sa ba tare da an ba su ko taku ɗaya ba: Jean-Louis Ravelomanantsoa ɗan Madagaska a 1975, da Joshua Ross a 2005. Manyan 'yan tsere irin su Linford Christie da Asafa Powell sun je sun dawo hannu rabbana. A 2025 matashin nan Gout Gout, ɗan shekara 17 da iyayensa suka fito daga Sudan ta Kudu, wanda duk ƙasar ke magana a kansa, ya tsaya a zagayen kusa da na ƙarshe. Wanda ya fitar da shi, John Evans, an ba shi ratar kusan mita 10, kuma shi ne ya ɗauki kofin.

Stawell na nuna daɗin tsarin, yana kuma nuna cutarsa. Matuƙar ana yanka rata ne bisa abin da mutum ya nuna a baya, to akwai riba a ɓoye ƙarfi. Ɗan tsere na iya shafe watanni yana jan ƙafa da gangan domin a ba shi rata mai tsoka, ranar babbar gasa kuma ya saki jiki. A Stawell, inda ake caca a kan sakamako, akwai alƙalai da aikinsu shi ne sa ido kan wannan. A 2016 an ci wadda ta lashe gasar mata tarar dala 2,000 saboda saurin da ta nuna ya yi hannun riga da wanda aka gani a wajenta kwanaki kaɗan kafin nan, ko da yake an bar mata nasararta.

A ƙaramar ƙungiya ma ana samun masu wannan hali, domin ɗan'adam ko a kan kwalin biskit yana iya yin wayo. Bambancin shi ne a can kowa ya san kowa. Wanda ya yi ta ɗingishi wata uku sannan ya tashi kamar barewa ranar kofi, zai ci kofin, amma zai shekara yana shan tsiya a wurin shan shayi. Wannan kunyar ita ce 'yar sandan tseren rata, kuma tana aiki ne kawai idan kyautar ba ta kai a sayar da mutunci dominta ba.

Ƙorafin gwanaye

Akwai masu ganin tsarin zalunci ne ga wanda ya fi ƙoƙari. Mutum ya yi horo kwana shida a mako, ya hana kansa abubuwa da yawa, sannan a ce wanda ke fitowa sau biyu a mako ya riga shi ɗaukar kofi? Ƙorafin yana da tushe, kuma gaskiya ne cewa gwani ya fi kowa wahalar ci, domin rage daƙiƙa 10 daga minti 16 ya fi rage minti guda daga minti 35 wuya nesa ba kusa ba.

Sai dai gwani yana da sauran gasannin shekara gaba ɗaya, waɗanda duk an gina su domin shi. Yawancin ƙungiyoyi ma kan ba da kyauta ta daban ga wanda ya yi lokaci mafi sauri a ranar. Kuma ko a fannin horo bai yi asara ba: mutumin da ya saba gudu shi kaɗai a gaba babu mai matsa masa, a nan yana samun abin kora tun daga tashi har layi. 'Yar tseren Ostareliya Cathy Freeman ta nuna haka a Stawell a 1996, lokacin da ta tashi daga can baya a tseren mita 400 ta cim ma dukkan waɗanda aka ba rata ta wuce su a gab da layi. Har yau ana kallon bidiyon.

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce ta masu aiki. Gudu ya zama babbar kasuwa. Sama da mutum miliyan ɗaya ne suka nemi gurbi a gudun yada-ƙanin-wani na Landan na 2026. Manhajoji irin su Strava na ba kowa lokacinsa da taswirar hanyarsa a waya. Shirin parkrun, wanda ya fara da mutum 13 a lambun Bushy Park a 2004, yanzu yana tara jama'a kyauta kowace Asabar a ƙasashe da dama, kuma ya yi rawar gani wajen fito da mutane. Amma a dukkansu tare ake tashi, waɗanda suka saba zuwa gaba su ne a gaba. Waya na iya gaya wa mutum ya fi jiya sauri. Ba za ta iya sa shi ya riga zakaran ƙungiya taka layi a gaban jama'a ba.

Tseren rata kuwa yana tsaye ne a kan mutum biyu ko uku da suka yarda su tsaya da agogo su bar gudun, da kuma mutum ɗaya mai haƙurin lissafi. Ranar da wannan mutum ya gaji ko ya ƙaura ba tare da ya koya wa wani ba, tarihin shekara talatin na iya tafiya da tsohuwar kwamfutarsa. Ƙungiyar da ta san darajar abin da take da shi ya kamata ta sa mataimaki kusa da shi tun yanzu, ta kuma rubuta ƙa'idar yanka ratar a fili yadda kowa zai iya dubawa.

Ba baƙon abu ba ne a Arewa

Duk wanda ya taɓa kallon wasan folo a Kaduna ko Kano ko Katsina ya san wannan tunani. Kowane ɗan wasa yana da matsayinsa, daga ƙasa da sifili da biyu har zuwa 10. A wasannin rata ana haɗa na 'yan kowane ɓangare, a ba ɓangaren da ya gaza ƙwallaye tun kafin a hau doki. Haka ake yi a wasan golf. Abin da ya rage shi ne tsarin ya tsaya a wasannin masu hali, bai gangaro zuwa ga masu takalmin roba ba.

Najeriya ta samu manyan gasannin gudu a 'yan shekarun nan. Tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo ya fara a 2013, na Legas mai kilomita 42 ya biyo baya a 2016, kuma 'yan Kenya da Habasha ne suka saba kwashe manyan kyaututtukan, har ta kai ana ware wa 'yan gida tasu kyautar daban. Waɗannan bukukuwa ne na rana ɗaya a shekara. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da likita ya ce masa ya rage tumbi, wanda ke zagaya filin wasa da abokansa da sassafe, ba su aka shirya wa su ba.

Irin waɗannan rukunoni na masu motsa jikin safe su ne tseren rata ya fi dacewa da su, kuma ba sa buƙatar izini ko tallafin kowa. Hanya ɗaya da aka sani, wadda ba a canzawa, ko da ba a auna ta daidai ba. Agogon waya. Littafi guda. A fito da wuri kafin rana ta ɗaga, a tanadi ruwa, masu hawan jini ko ciwon zuciya su fara jin ta bakin likita. Mai tafiya da sauri ma yana da gurbi, sai dai a sake shi tun da wuri. Rukunin mata na iya yin nasu a inda suka saba haɗuwa, da nasu littafin.

Wuri biyu ne abin zai iya lalacewa. Na farko shi ne ranar da wani mai kuɗi ko ɗan siyasa ya ce zai sa babur ko kujerar Makka a matsayin kyauta, domin daga ranar kowa zai fara ɗingishi. Na biyu shi ne idan aka fara yanka rata da duba fuska, a ƙara wa Alhaji minti biyu saboda shi ke sayen ruwa. Maganin na biyun shi ne a bar lissafi ya yi aiki: a ɗauki lokaci mafi kyau cikin tsere uku na baya-bayan nan na kowane mutum, a karanta jerin da ƙarfi kafin a tashi. Sabon zuwa kuma ya yi tsere biyu ko uku ana rubuta lokacinsa kafin sunansa ya shiga cikin masu neman kofi.